Kansar tumbi: A ina ya kamata wuƙar likita ta tsaya?

Duk wanda ya taɓa zaman jiran majiyyaci a ƙofar ɗakin tiyata ya san tambayar da ake tarar likita da ita da zarar ya fito: "Likita, an cire duka?" Likita yakan ce an cire abin da ido ya gani, saura sakamakon gwaji. Dangi su yi hamdala, a buga waya gida a ce an fito lafiya. To amma idan ciwon dajin na tumbi ne, akwai wani sashe na aikin da ba kasafai ake yi wa dangi bayaninsa ba, alhali shi ne ya fi raba kan likitocin fiɗa na duniya shekara da shekaru. Kowa ya yarda a yanke inda ciwon yake a jikin tumbi. Jayayyar a kan ƙwayoyin kaluluwar da ke kewaye da shi ce: nawa za a kwashe, kuma a ina za a dakata?

Mai karatu a Kiru ko Bebeji zai iya cewa wannan gardama ce ta manyan likitoci, ina ruwan manomi da ita. Da ruwansa kuwa har da tsaki, domin amsarta ce ke nuna asibitin da ya kamata ya kai mahaifinsa, da lokacin da ya kamata ya kai shi. Ilimi ya riga ya tsayar da iyakar abin da za a cire. Sai dai wannan iyaka ba ta amfani sai a hannun da ya saba, a asibitin da ya shirya, ga majiyyacin da ya zo da sauran ƙarfinsa. Waɗannan sharuɗɗa uku su ne ainihin matsalarmu a kudancin Kano.

Abin da ake jayayya a kai

Kaluluwar da muka sani ita ce mai fitowa a matsematsi ko hammata idan mutum ya ji rauni a ƙafa ko a hannu. Irin waɗannan ƙwayoyi ɗaruruwa ne a jikin ɗan Adam, kuma da yawansu suna can ciki inda hannu ba ya kaiwa. Aikinsu shi ne tace wani ruwa da ke tsattsafowa daga tsokar jiki, yana bin siraran hanyoyi kafin ya koma cikin jini. Wanda ya san yadda ruwan Tiga ke bin babban kanal, ya rarrabu a ƙanana har ya isa gonakin Kadawa, sai ya juya hoton: a nan daga gona ruwan yake tashi, ya bi ƙananan magudanai, ya tsaya a mahaɗa ta farko, ya wuce ta biyu, har ya faɗa babbar hanya. Ta waɗannan magudanai kansar tumbi ta fi son yin tafiya. Sau da yawa kafin ta kai hanta ko ta bazu a cikin ciki, ta riga ta yada zango a kaluluwar kusa, sannan ta gaba da ita.

Tun 1881 da Theodor Billroth ya yi nasarar yanke wani sashe na tumbin wata mata mai kansa a birnin Biyana, aka gane cewa fitowa daga tiyata lafiya daban, warkewa daban. Matar ta tashi, ta ci abinci, amma bayan kamar wata huɗu ciwon ya dawo ya yi ajalinta. Mutanen Japan, waɗanda wannan ciwo ya fi addaba, su ne suka zauna suka zana taswirar hanyar. A farkon shekarun 1960 ƙungiyar masu binciken kansar tumbi ta ƙasar ta rarraba kaluluwar yankin zango-zango, aka ba su lamba daga 1 zuwa 16. Daga nan aka samu sunayen da likitoci ke amfani da su har yau. D1 shi ne a cire tumbi, ko sashensa, tare da kaluluwar da ke manne da shi. D2 kuwa shi ne a ƙara da zango na biyu, wato waɗanda ke jere a jikin manyan jijiyoyin jini masu zuwa hanta da saifa, da tushen da jijiyoyin suka rabu daga gare shi.

A baki, bambancin kamar ɗan ƙari ne. A kan teburin tiyata kuwa aiki ne na sa'o'i. Ba a tsintar ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, domin wasu ba su wuce milimita 2 ko 3 ba, kuma a binne suke cikin kitse. Likita yakan ɗaga labulen kitsen da ya sauko daga tumbi, ya bi saman fankiriyas, wato tsokar nan da ke kwance bayan tumbi mai samar da insulin da ruwan narkar da abinci, yana feɗe kitsen daga jikin jijiya a hankali har sai ta fito fili ana ganin bugunta. Ya ɗaure jijiyar da ke ciyar da tumbi tun daga gindinta. Sannan a ɗauke komai dunƙule guda, tumbi da kitse da kaluluwa, ba tare da an farfasa ba. Kuskuren ɗan yatsa a nan na iya ɓalle jini, ko ya yi wa fankiriyas rauni. Ita kuwa idan ta yi yoyo, ruwanta ba ya bambance nama da tuwo: abin da ya tarar shi yake narkarwa, har ɗinkin da aka yi.

Da Turawa suka gwada

Likitocin Japan sun daɗe suna ba da rahoton cewa majiyyatansu na rayuwa fiye da na Turai, suna danganta hakan da D2. Turawa suka ce ba a gane gaskiyar irin wannan magana sai an raba majiyyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa waɗannan D1, waɗancan D2, a zuba ido.

Holan ta yi nata gwajin daga 1989 zuwa 1993 a asibitoci 80, da majiyyata 711 da aka yi wa tiyata da nufin warkarwa. Har sai da aka gayyato wani ƙwararre daga Tokiyo, Mitsuru Sasako, ya koyar da aikin. Sakamakon farko ya girgiza masu goyon bayan D2: cikin waɗanda aka yi wa shi, kashi 10 cikin 100 sun mutu sanadin tiyatar, alhali a D1 kashi 4 ne. Matsalolin bayan aiki sun sami kashi 43 a kan kashi 25. Bayan shekara 5 kuma, waɗanda ke raye kashi 47 ne da kashi 45, kusan kunnen doki. A Birtaniya aka yi irinsa da majiyyata 400, abin ya fi muni: mace-macen tiyata kashi 13 a D2, kashi 6.5 a D1, kuma babu wata riba a tsawon rai. A wancan lokaci, likitan da ya ce D2 wahala ce da asarar rai ba a ce ya yi ƙarya ba.

Da aka koma aka tona alƙaluman sai abu biyu suka bayyana. Na farko, a tsarin wancan zamani, idan za a cire tumbi baki ɗaya akan haɗa da saifa da wutsiyar fankiriyas, don kawai a samu a kwashe kaluluwar da ke ɓoye a wurin. Kaso mai yawa na mace-macen daga nan ya fito. Na biyu, rashin sabo. A gwajin Holan mutum 331 aka yi wa D2. A raba su ga asibitoci 80 cikin shekara 4, kusan majiyyaci ɗaya ke nan a kowane asibiti a shekara. Gaskiya ne an riƙa tura ƙwararru su tsaya a kan aikin, amma da sun wanke hannu sun tafi, jinyar dare da rana tana hannun ma'aikatan da ba su saba ganin irin wannan majiyyaci ba. Shi kuwa yoyon ɗinki yakan nuna kansa ne bayan 'yan kwanaki, da zazzaɓi da saurin bugun zuciya, kuma wanda ya sha gani ne ke gane shi tun bai yi nisa ba.

Mutanen Holan ba su rufe littafi ba. Sun ci gaba da bibiyar majiyyatan har shekara 15, suka fitar da rahoto a 2010. A nan lissafi ya juya. Waɗanda kansar tumbi ta yi ajalinsu kashi 37 ne a D2, kashi 48 a D1. Dawowar ciwon a inda aka yanke kashi 12 ne a kan kashi 22. Ashe ribar tana nan tun farko, gawarwakin makonnin farko ne suka danne ta. A Italiya kuma, inda aka zaɓi cibiyoyin da suka ƙware aka kuma bar fankiriyas a wurinta, gwajin majiyyata 267 ya nuna mace-macen tiyata kashi 2.2 a D2 da kashi 3 a D1, wato haɗarin ya zo daidai. Amfanin ya fi bayyana ga waɗanda ciwon ya nutsa a bangon tumbi ya kuma taɓa kaluluwa.

To idan ƙari alheri ne, me zai hana a ƙara gaba? Mutanen Japan da kansu suka amsa. Sun gwada haɗawa da kaluluwar da ke gefen babbar jijiyar jini ta bayan ciki a kan majiyyata 523, suka wallafa a 2008: masu rai bayan shekara 5 kashi 70 ne a kan kashi 69, babu bambancin a zo a gani. Sun sake gwada cire saifa a kan majiyyata 505 masu ciwo a saman tumbi, suka wallafa a 2017: zubar jini da matsaloli sun ƙaru, kwana bai ƙaru ba. Abin lura a gwajin 2008 shi ne mace-macen tiyata bai kai kashi 1 cikin 100 ba a kowane ɓangare. Aikin da ya kashe mutum 1 cikin 10 a wani hannu, ga shi bai kashe 1 cikin 100 ba a wani.

Ga inda aka tsaya yau, a Gabas da Yamma. Idan ciwon ya wuce matakin farko amma bai yaɗu nesa ba, kuma majiyyaci na da ƙarfin ɗauka, D2 ake yi, a bar saifa da fankiriyas sai idan ciwon ya kama su. Idan ciwon sabo ne yana saman fatar ciki ta tumbi, D1 ko ɗan ƙari kaɗan ya wadatar, wani ma ta baki ake kankare shi da na'urar leƙa ciki ba tare da an tsaga ciki ba. Idan kuwa ya riga ya kai hanta ko ya bazu a cikin ciki, kwashe kaluluwa ba ya ƙara komai. Kuma a duk inda hali ya yi, ana haɗa tiyata da allurar kansa: wani gwajin Birtaniya da aka wallafa a 2006 ya nuna yin allurar kafin tiyata da bayanta ya ɗaga masu rai bayan shekara 5 daga kashi 23 zuwa 36.

Mu dawo gida

Ba kowa ya san cewa ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko a kan wannan tambaya a Afirka aka yi shi ba. A asibitin Groote Schuur da ke Cape Town, likitoci sun duba majiyyata 403, suka wallafa sakamako a 1988. Mutum 43 kacal suka cancanci shiga gwajin. Galibin sauran ciwon ya riga ya wuce inda za a tsaya ana zaɓe tsakanin ƙaramin aiki da babba. A kusa da mu ma haka labarin yake. Likitocin fiɗa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika sun wallafa rahoto a 2011 a kan masu kansar tumbi 179 da suka duba a Zariya. Mutum 10 ne kawai suka zo ciwon yana matakin farko, kuma 87 ne aka iya yanke wa ciwon, ƙasa da rabi ke nan. A Japan kuwa fiye da rabin masu ciwon ana gano su ne tun yana sabo, domin ana bin mutane da gwaji tun ba su ji komai ba.

Yadda ake makara a wajenmu ba ɓoyayye ba ne. Dattijo ya fara jin zafi a ƙahon zuciya. Ɗansa ya tsaya a kemis a Kwanar Dangora ranar kasuwa ya ce, "Malam, Baba ne olsarsa ta tashi." A ba shi omefirazol da farin ruwan magani. Zafin ya lafa, domin maganin yana kwantar da zafin kansa kamar yadda yake kwantar da na gyambo. Bayan wata biyu a dawo a sake saye. Baba ya fara cin loma uku ya ture kwano ya ce ya ƙoshi. Wando ya yi masa yawa. A ce tsufa ne, ko shawara, a haɗa da jiƙo. Idan damina ce a ce a bari a yi kaka a sayar da masara. Sai ranar da ya yi aman tuwon jiya bai narke ba, ko bayan gidansa ya fito baƙi ƙirin, sannan a nemi mota. Kafin a kai ga likitan fiɗa, wataƙila kaluluwa ta riga ta fito a gefen hagu na gindin wuya, alamar ciwon ya bi hanya har ƙarshenta.

Akwai kuma maganar da ke yawo a gari, cewa daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya harzuƙa. Ba daga sama maganar ta faɗo ba. Mutane sun ga an kai nasu a makare, an buɗe an rufe, bai yi wata biyu ba ya rasu, sai suka ɗora laifin a kan wuƙa. Wannan ne ya sa nake ganin mace-macen tiyata sun fi tsada a wajenmu fiye da Turai. A Holan mutuwar majiyyaci a kan teburi rashi ne ga gida ɗaya da lamba a rahoto. A Yako ko Dansoshiya labari ne da za a maimaita a wajen zaman makoki, kuma mutum goman da suka ji shi za su ƙi zuwa asibiti lokacin da zuwan zai amfane su. Likitan da ya kutsa babban aikin da asibitinsa ba zai iya jinyarsa ba, ya cuci wanda ke gabansa, ya kuma cuci waɗanda bai taɓa gani ba.

Batun saifa ma ya fi nauyi a nan. Ita ce ke tace jini daga ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro da wasu ƙwayoyin cuta, ciki har da masu haddasa sanƙarau da ciwon huhu. Wanda aka cire wa ita yana cikin haɗarin zazzaɓi mai tsanani duk tsawon rayuwarsa. Ga mutumin da zai koma zama kusa da ruwan Tiga ko fadamun shinkafar Tudun Wada, inda sauro ba ya hutun rani, a jihar da sanƙarau ke leƙowa lokacin zafi, barin saifa a wurinta ya fi zama wajibi fiye da ga mutumin Tokiyo.

Ba duka ne ke gaba da mu ba. Majiyyatanmu galibi ba su kai na Turai shekaru ba, matsakaicin shekarun waɗanda aka duba a Zariya 51 ne, kuma ba su cika ƙiba ba, abin da ke sauƙaƙa wa likita ganin jijiyoyi. Sai dai ramar da ke sauƙaƙa yanka ita ce ke hana ɗinki kamawa. Mutumin da ya yi watanni yana amai, jininsa ya yi ƙasa, yana bukatar a gina shi da abinci da ƙarin jini kafin a taɓa shi. Gaggawar shiga tiyata don dangi sun ƙosa ba gata ba ne.

Wanda ke ƙirga ƙwayoyin

Akwai wani ma'aikaci da dangi ba sa gani, wanda in babu shi D1 da D2 duk magana ce ta fatar baki. Bayan tiyata akan kai abin da aka cire ɗakin gwajin tsoka. A can wani zai shimfiɗa kitsen a kan allo, ya riƙa latsawa da yatsa yana laluben duk abin da ya fi kitse tauri, ya ware shi, a yanka siri-siri a duba a madubin likita. Aiki ne mai cin lokaci da gundura. Ƙa'idar da duniya ke bi ita ce a duba aƙalla ƙwaya 16 kafin a amince da matakin da aka ce ciwon yake. Idan takarda ta ce an duba 5 ba a ga komai ba, wannan bai kai albishir ba, domin mai yiwuwa ta 6 ce ke ɗauke da ciwon. A kan wannan takarda ake yanke shawarar allura, kuma ita kaɗai ce shaidar irin aikin da aka yi. Kada a ɗauka mu kaɗai ne ke da wannan gibi. A wani babban gwaji na Amurka da aka wallafa a 2001, da aka binciki bayanan tiyata sai aka tarar fiye da rabin majiyyatan ko D1 ba a cika musu ba, kashi 10 ne kawai aka yi wa D2.

Don haka ɗan da ya raka mahaifinsa yana da haƙƙin yin tambaya cikin ladabi, kuma likitan kirki ba zai ji haushi ba. "Ranka ya daɗe, an tabbatar da ciwon ta hanyar gutsuro tsoka an gwada? An yi hoton siti-sikan an ga bai yaɗu ba? Wannan aikin don warkarwa ne ko don Baba ya samu ya ci abinci? Sau nawa ake yin irinsa a nan a shekara? Za a bar masa saifarsa?" Idan amsa ta zo cewa ciwon ya wuce cirewa, ba a ce an gama ba. Ana iya yin ƙaramin aiki na haɗa tumbi da hanji a kewaye inda ya toshe, mutum ya koma gida yana shan kununsa. Sanin haka tun farko yana hana a sayar da shanun noma a kan begen da babu shi.

Abin da ya kamata a yi

Denmak ta taɓa samun kanta inda muke, kowane asibiti yana taɓa kaɗan. A 2003 ta tattara tiyatar kansar tumbi daga sassa 37 zuwa 5, mace-macen bayan tiyata suka sauko daga kashi 8.2 zuwa 2.4. Holan, bayan darasin da ta sha, ta kafa ƙa'idar cewa daga 2013 asibitin da ba ya yin aƙalla 20 a shekara ya daina. Mu da masu zuwa a kan lokaci ba su da yawa, mun fi kowa bukatar wannan tsari. Idan aka watsa 'yan tsirarun da ake iya yi wa aiki ga asibitoci barkatai, babu hannun da zai saba. Mutanen Kiru da Bebeji Allah ya ajiye su a kan hanyar da ta haɗa Kano da Zariya, ga Asibitin Malam Aminu Kano a arewa, ga Shika a kudu. Kamata ya yi Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta zauna da irin waɗannan cibiyoyi a fito da rubutacciyar ƙa'ida: duk wanda aka tabbatar yana da kansar tumbi, ga inda za a tura shi, ga kwanakin da ba za a wuce ba. Su kuma cibiyoyin su riƙa bayyana abu uku duk shekara: yawan aikin da suka yi, yawan waɗanda suka rasu cikin kwana 30, da yawan kaluluwar da ake samu a kowane aiki.

Za a ce wannan tsari ne na masu hali. Mutumin Riruwai sai ya ratsa dajin Falgore kafin ya ga Tudun Wada, balle Kano, ga kuɗin mota, ga masu jinya, ga gona an bari. Maganar tana da nauyi. Amma tiyatar tumbi sau ɗaya ake yin ta, kuma wanda aka yi wa rabi-rabi a kusa da gida, ƙarshenta Kanon zai tafi, da ciki mai ruɓa da aljihu wayam. Maganin nisa shi ne a rage yawan tafiye-tafiyen: a haɗa gwaji da ganin likita a zuwa ɗaya, sannan bibiyar bayan aiki, kamar cire zare, duba jini, da allurar bitamin B12 da wanda aka cire wa tumbi duka zai riƙa yi har abada, a mayar da su asibitin ƙaramar hukuma.

Za a kuma ce, to likitan da aka kawo wa mai aman jini ko fashewar tumbi da tsakar dare fa? Shi kam ceton rai ne a gabansa. Ya tsayar da jini, ya toshe ɓula, ya gutsuri tsoka a aika gwaji, ya tura gaba. Ko da larura ta sa ya yanke, D1 mai tsafta da majiyyaci ya tashi daga gare shi ya fi D2 da aka yi da ƙarfin hali. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da hukuncin larura ya zama al'ada, har babbar cibiya ta wadatu da ƙaramin aiki ga mutumin da ya zo da wuri kuma yana da ƙarfi.

Sai kuɗi. Asusun tallafa wa masu kansa da gwamnatin tarayya ta fara a 2021, wanda Shika na cikin asibitocin farko da aka zaɓa, ya soma ne da kansar nono, ta bakin mahaifa da ta furostet. Ya dace a buɗe ƙofa ga masu kansar tumbi da ake da begen warkar da su. Ita ma hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano, KSCHMA, ta tabbatar gwajin leƙa ciki da na tsoka suna cikin abin da take ɗauke wa talaka.

Ba na kira a bi kowa da gwaji irin na Japan da Koriya ta Kudu. Ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda ita ce babban musabbabin kansar tumbi, ta zama ruwan dare a Arewa, har wani bincike da aka yi a yankin Maiduguri aka wallafa a 1992 ya same ta a jikin fiye da mutum 8 cikin 10, amma kaɗan ne daga masu ita ke kamuwa da kansa. Abin da ya dace da mu shi ne zaɓe. Duk wanda ya haura shekara 40 ya fara sabon ciwon ciki, ko wanda, komai shekarunsa, ke ramewa ba dalili, ko saurin ƙoshi, ko yawan amai, ko ƙarancin jini, ko abinci na tsaya masa, ko ya sha maganin olsa na makonni ciwon ya dawo, wannan a daina sayar masa da kwalba, a tura shi a leƙa. Masu kemis da ma'aikatan ƙananan asibitoci su ne ke fara ganin waɗannan mutane, su ya kamata a fara koya wa alamomin.

Ƙananan hukumomi huɗu na yankinmu suna da kujeru biyu a Majalisar Wakilai, ta Kiru da Bebeji da ta Tudun Wada da Doguwa, kuma kowace shekara ana ware kuɗin ayyukan mazaɓu. Na'urar leƙa ciki guda, a asibitin da ke tsakiyar yankin, da likitan da zai riƙa zuwa a ranaku sanannu, da ma'aikacin da aka horar kan wanke ta da adana ta, da motar da ke kai tsoka gwaji Kano ta dawo da sakamako cikin mako biyu, duk ba su fi ƙarfin wannan kuɗi ba. Duniya ta kashe shekaru da rayuka kafin ta gano iyakar abin da za a cire. Namu aikin shi ne mu kai mutanenmu gaban likitan da ya iya, a lokacin da aikin zai yi musu amfani, kuma masu neman ƙuri'armu su ji wannan bukata daga bakinmu kafin zaɓe mai zuwa.